Samfurin Gini a Matsayin Shaidar Tarihi: Zaɓen Kayan Aiki da Dabarun Ado, Tare da Misali Daga Ƙasar Gumel



1. Gabatarwa

Wata rana an gayyace ni kallon baje kolin ayyukan hannu na ɗalibai a wata makaranta. Daga cikin abubuwan da aka jera a kan tebur akwai wani ɗan ƙaramin gida da aka yanka da kwali, aka shafe shi da fenti ruwan ƙasa, aka kafa masa zankwaye a kowace kusurwa, aka kuma zana dagi babba a goshin zaurensa. A ƙarƙashinsa an rubuta "Gidan Bahaushe". Yaron da ya yi aikin ya shaida mini cewa shi mutumin wani ƙauye ne na ƙasar Gumel. Da na tambaye shi ko gidan kakansa haka yake, sai ya yi murmushi ya ce a'a, gidan kakansa ɗakunan jinka ne da danga da rumbuna uku, wannan kuwa a littafi ya gani.

Wannan amsa ita ce mafarin laccar yau. Abin da nake nufi da samfurin gini shi ne ƙaramin kwatankwacin gida ko masallaci ko gari, wanda aka yi da hannu bisa wani awo sananne, yadda kowane sashe nasa zai yi daidai da na babban ginin, sai dai ƙanƙanta. Ra'ayin da zan kare shi ne, irin wannan samfuri shaida ce ta tarihi kamar yadda rubutu da waƙa da tatsuniya suke, kuma duk abin da mai yin sa ya zaɓa, daga ƙasar da ya kwaɓa zuwa adon da ya ɗora a bango, magana ce yake faɗa a kan mutanen da suka zauna a wannan gida. Maganar tana iya zama gaskiya, tana iya zama ƙarya. Tun da Hausawa sun ce gani ya kori ji, ƙaryar da ido ya gani ta fi wadda kunne ya ji daɗewa a zuciya.

Zan fara da waiwayen yadda wasu al'ummu suka yi amfani da samfuri, in dawo kan maginanmu, sa'an nan in tsaya a ƙasar Gumel, in yi bayanin kayan aiki da dabarun da suka dace da gine-ginenta.

2. Samfuri a Tarihin Wasu Al'ummu

A shekarar 1920 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafade na Misira ta dauri, kusa da garin Luksor na yanzu. Suka tarar da samfurori na katako waɗanda suka kai shekara kusan dubu huɗu: rumbun hatsi da magatakardansa, da garken shanu ana ƙidayarsu a gaban maigida, da masaƙa, da wurin masassaƙa, da lambu mai tafki a tsakiya. Gidajen da aka kwaikwaya, waɗanda na tubalin laka ne kamar namu, sun narke tuntuni. Samfurorin kuwa suna nan a gidajen tarihi na Alƙahira da Niyok, kuma da yawa daga abin da aka sani game da zaman yau da kullum na wancan zamani daga gare su aka koya.

A Ingila, tsakanin 1673 da 1674, aka sassaƙa wa Christopher Wren babban samfurin majami'ar Sen Pol ta Landan da katako mai ƙarfi, bisa awon ɗaya cikin 25. Manyan majami'a ba su amince da fasalin ba, aka gina wani dabam. Saboda haka samfurin da ke ajiye a can yau shaida ce ta ginin da ba a taɓa ginawa ba. A Faransa kuma, daga 1668, zamanin Sarki Luwi na 14, aka shiga yin samfurorin garuruwa masu ganuwa na bakin iyaka bisa awon ɗaya cikin 600, da katako da takarda da siliki da rairayi, domin sarki da sarakunan yaƙinsa su ga gari da hanyoyin shigarsa suna zaune a fada. Kusan ɗari daga cikinsu sun tsira zuwa yau.

Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na Italiya a ƙarni na 18. Masu sana'a a Rum da Nafuli sun so su kwaikwayi kangayen Rumawa na dutse. Ba su ɗauki dutse ba. Sun ɗauki ɓawon wani itace mai laushi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, domin 'yan ramukan da ke jikinsa, idan aka dube su a ƙaramin awo, sun yi kama da dutsen da ruwa da iska suka cinye shekaru aru-aru. Na ga wasu daga cikinsu a gidan tarihi na John Soane a Landan lokacin da nake karatu, kuma a nan na fara fahimtar cewa abin da aka yi babban gini da shi ba lalle ne ya zama shi ya fi faɗin gaskiyar ginin a samfuri ba. Za mu dawo kan wannan batu.

3. Magini Bahaushe da Taskar Saninsa

Maginin gargajiya a ƙasar Hausa ba ya aiki da taswira a takarda. Yakan shata harsashi a ƙasa da ƙafarsa ko da sanda, ya auna da taki da kamu da gaba, sauran fasalin kuwa yana cikin kansa da hannunsa. Ya gaji sanin daga mahaifinsa ko maigidansa, ƙarƙashin Sarkin Magina. Wannan tsari yana da ƙarfi matuƙar sana'ar tana raye, domin kowane gini makaranta ne ga yaran da ke miƙa tubali. Amma yana da rauni guda: ranar da gwani ya rasu ba tare da magaji ba, ko aka rushe gininsa, to sanin ya tafi ke nan, babu wata takarda da za a koma gare ta.

Masallacin Juma'a na Zariya ya isa misali. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Duk wanda ya nazarci ginin ƙasa a Afirka ya san darajar ginshiƙansa da bakan gizonsa. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti, siffarsa ta waje ta ɓace wa ido. Abin da ya taimaki tarihi shi ne, kafin haka wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya bi Nijeriya daga 1958 yana auna gine-ginen gargajiya yana zana su. Da ya dawo a shekarun 1970 sai ya jagoranci kafa Gidan Tarihin Gine-ginen Gargajiya a Jos, inda aka sake gina masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano da na fadar Katsina, da ƙasa da azara, da hannun magina na gaske. Ya rasu a 1982, aka buga littafinsa mai juzu'i uku a 1990.

Dmochowski ya zaɓi girma na ainihi domin yana son a adana dabarar tare da siffar. Sai dai wannan zaɓi yana da tsada. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, ruwan da ake yi a Jos kuwa ya ninka na ƙasar Gumel fiye da sau biyu, don haka kwaikwayon ma ya zama abin da ke bukatar ceto. Ban da haka, gine-ginen da aka zaɓa daga ƙasar Hausa na manyan birane ne. Haka ma rubuce-rubucen da suka biyo baya, irin na Moughtin a 1985 da na Schwerdtfeger da na Hamman Tukur Sa'ad, ƙarfinsu ya fi karkata ga Zariya da Kano da makamantansu. Ba laifinsu ba ne, kowa ya yi aiki inda ƙafarsa ta kai. Amma sakamakon shi ne abin da na gani a kan teburin nan: yaron ƙasar Gumel ya ɗauka gidan attajirin Kano shi kaɗai ne gidan Bahaushe.

4. Ƙasar Gumel da Gine-ginenta

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, tarihinta ya bambanta da na maƙwabtanta. Mangawa ne suka kafa ta wajen tsakiyar ƙarni na 18, ta kasance ƙarƙashin Borno, ba ta shiga Daular Usmaniyya ba. An tashi daga Tumbi, wadda yanzu ke cikin Jamhuriyar Nijar, aka dawo mazaunin Gumel na yanzu a 1845, zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka garin a watan Maris na 1851, ya same shi babbar kasuwar kanwa a bakin iyakar Borno da Kano. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854 sai ya tarar rikicin gadon sarauta ya rage garin ƙwarai. Yaƙe-yaƙe da Haɗeja da hare-haren Damagaram suka ci gaba har kusan ƙarshen ƙarnin, Turawa suka shigo a 1903.

Wannan tarihi yana da tasiri a kan gini ta hanyoyi uku. Na farko, ƙasar da take fama da yaƙi da ƙaura takan sa ƙarfinta a ganuwa da ƙofa da fada, talaka kuwa yakan yi ɗakin da zai iya sake tayarwa cikin 'yan kwanaki. Na biyu, yawancin ƙasar jigawa ce da rairayi. Rairayi ba ya riƙe bango, tilas magini ya nemo ƙasa mai danƙo daga kududdufi ko fadama, ya gauraya. Azara mai kyau kuwa ta giginya ce, ita kuma ta fi son wuri mai damshi, saboda haka a irin wannan ƙasa soro alama ce ta sarauta ko dukiya, ƙauye kuwa na kara ne da gamba da shuci da kaba. Na uku, ƙasar mahaɗa ce ta Hausawa da Mangawa da Barebari da Fulani. Wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga raƙuma da shanun da ke shigowa daga Nijar zai gane cewa hanyar da kanwa ta bi a zamanin Barth ba ta mutu ba, kuma Damagaram, mai gidaje masu ado a unguwar Birni, ta kusa ce ga ido da hannun maginan wannan yanki.

Daga baya jirgin ƙasa ya zo. Hanyar dogo daga Kano zuwa Nguru, wadda aka kammala a 1930, ta ratsa ta Gagarawa. Gyaɗa ta riƙa fita, kwano da siminti da ƙusa da fenti suka riƙa shigowa. Daga nan siffar gida ta fara sauyawa, ta ci gaba da sauyawa har zuwa bulo da rufin kwano na yau.

Ke nan mai son yin samfuri daga wannan ƙasa yana da tambayoyi uku da zai amsa kafin ya taɓa ƙasa: gidan wa, a ina, a wane zamani? Zauren hakimi a Gumel, da gidan manomi a ƙauyukan Sule Tankarkar, da kantin ɗan kasuwar gyaɗa a tashar Gagarawa, da rugar Bafulatani a dajin Maigatari, kowanne da kayan aikin da ya dace da shi.

5. Awo da Kayan Aiki

Awo shi ne hukunci na farko, domin shi ke yanke abin da za a nuna da abin da za a bari. Idan gari ne dukansa ake so, da ganuwa da ƙofofi da kasuwa, awon ɗaya cikin 500 ya isa. A nan ganuwa mai tsawon mita 6 za ta zama milimita 12, ba a maganar ado ko kaɗan, abin nema shi ne tsarin unguwanni da hanyoyi da kududdufai. Idan gida ɗaya ne, ɗaya cikin 50 ya fi dacewa: mita guda ta koma santimita 2, zaure mai faɗin mita 4 ya koma santimita 8. Idan kuwa adon fuskar zaure ko ɗaurin rufi ake son nunawa, sai a sauko ɗaya cikin 20 ko ɗaya cikin 10.

A nan matsalar da na ambata ɗazu take fitowa. Kowa zai ce gidan ƙasa sai a yi samfurinsa da ƙasa. Amma bango yana ƙanƙancewa bisa awo, ƙwayar rairayi ba ta ƙanƙancewa. A awon ɗaya cikin 50, ƙwayar yashi mai milimita guda tana wakiltar dutse mai santimita 5, kamar ƙwan kaza. Ciyawar da magini ke sawa a kwaɓi, in kaurinta milimita 2 ne, a samfuri ta zama gungume mai santimita 10. Wanda ya ɗebi kwaɓin magini kai tsaye ya yaɓa a ƙaramin bango, ya nuna mana gidan duwatsu da itatuwa, wanda ba a taɓa yi ba a ƙasar Gumel. Dabarar ita ce a ɗebo ƙasar daga kududdufin garin da ake kwaikwayo, domin launinta ya zama na wurin, a shanya ta, a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi, a sake tacewa da ƙyalle. A madadin ciyawa sai a sa takardar da aka jiƙa aka kirɓa, ita ce za ta hana tsagewa. Abin ɗauri kuwa ga ƙaro nan, wanda ƙasar nan take da arzikinsa, kuma kowane almajiri ya san yadda ake jiƙa shi domin tawada.

Kada a yi bangon da ƙasa zalla. Hunturu zai tsattsaga shi, nauyinsa kuma zai hana ɗauka. A yi ƙashinsa da katako marar nauyi, a yaɓa ƙasar siririya sau biyu ko uku, kowane yaɓe ya bushe a inuwa kafin a ƙara wani. Wajen sassaƙa ƙashin nan ne yawancin masu koyo ke kuskure. Kwali da katakon kanti suna ba da bango miƙaƙƙe mai kaifin kusurwa, alhali bangon tubali yana da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, kusurwoyinsa kuma hannu da ruwan sama sun dadaɗe su. Irin wannan kuskure kwamfuta ma tana yin sa, domin ta fi son miƙaƙƙen layi. Tana da amfani wajen haɗa hotuna da fitar da awo, har akwai na'urorin da ke zuba siffar gini da roba, amma sai an gaya mata inda bango ya karkata.

Rufin soro shi ne inda gwanintar magini ta fi ɓuya. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin da za ta tsallaka ya wuce kamar mita biyu. Duk dabarun rufin Hausa, daga jera azara a kusurwa har zuwa bakan gizo da ɗaurin guga, amsa ce ga wannan iyaka. Samfurin da aka rufe ruf bai nuna komai daga wannan ba. Ya kamata rufin ya zama mai ɗaguwa, a yi azarun da tsinken tsintsiyar kwakwa ko tsagaggen ɓawon kara, milimita 2 a madadin santimita 10, a ɗaure su da zare bisa tsarin da magini ke bi, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙasansa har su haɗu a tsakiya. In an yaɓe rabin bakan aka bar rabi tsirara, ɗalibi zai ga siffa da dabara a lokaci guda. Domin tulluwa ana iya amfani da ƙaramar ƙwarya, amma a yanko samanta kawai, saboda tulluwar Hausa ba ta da tudu irin na ƙubbar Gabas.

Gidan ƙauye ya fi wuya, ko da yake an fi raina shi. Ciyawar jinka ta gaske ta yi kauri. Zaren buhun algarara da aka warware aka taje, ko izgar doki, sun fi kama da shuci a ƙaramin awo, kuma a ɗora su ɗauri-ɗauri daga ƙasa zuwa sama yadda ake baibaya. Danga a yi ta da tsinken tsintsiyar laushi, zana da asabari kuwa da kaba da aka tsaga siriri, aikin da matan da ke saƙar faifai suka fi kowa iyawa. Rumbu ya zauna a kan duwatsunsa, kada ya taɓa ƙasa. Kada kuma a manta da turke da murhu da randa da bishiyar tsakar gida, domin su ne ke nuna cewa mutane ne a gidan. Ga ɓargon kara, wanda yaranmu suka daɗe suna ƙera motoci da shi: yana yankuwa da reza, yana karɓar tsinke, ba shi da nauyi. Aibinsa gara da ƙwari, kamar yadda aibin ƙaro damshi ne. Saboda haka samfuri yana son akwatin gilashi da tebur mai ƙafar ƙarfe.

6. Ado da Zamaninsa

Adon bango a ƙasar Hausa iri uku ne. Akwai wanda ake ɗorawa da hannu a kan ɗanyen yaɓe ya fito tudu-tudu, akwai wanda ake tsagawa a jikin shafen siminti kafin ya bushe, akwai kuma na fenti. Kowanne da hanyar kwaikwayonsa. Ado mai tudun santimita 2, a awon ɗaya cikin 20, milimita guda ne. Yatsa ba zai iya wannan ba, amma zaren auduga da aka tsoma a ƙaro, aka nannaɗe shi bisa zanen da tsinke, aka shafe da ruwan ƙasa, yana fitar da shi daidai. Mai ɗinkin babbar riga zai gane aikin nan take, domin dagi da sauran zane-zanen bango 'yan'uwan na riga ne da na dukanci da na ƙwarya. Tsagaggen ado kuwa allura ce da basilla. Sawun yatsun da ake bari a yaɓe, a yi shi da allurai uku ko huɗu da aka ɗaure wuri guda. Launi a ɗauko shi daga farar ƙasa da jar ƙasa da shuni da gawayi. Fentin mai yana ƙyalli, bangon da aka shafe da makuba ko laso kuwa ba ya ƙyalli irin wannan.

Makuba da laso ma suna da labari. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Wato bangon da aka shafe da laso yana shaida cewa akwai karofi da majema kusa, ko kuwa maigidan yana da halin sayo su daga nesa. Wanda ya sa launin laso a gidan da bai taɓa ganin sa ba, ya ƙirƙira wa garin sana'o'in da ba shi da su.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne na cakuɗa zamani. Masu nazarin adon gidajen Zariya, tun daga Kirk-Greene a 1963, sun nuna cewa cika fuskar gida da ado daga waje ya bunƙasa ne a ƙarni na 20, lokacin da 'yan kasuwa suka sami kuɗi da sakewa, har keke da agogo da jirgin sama suka hau bango. A da can ado ya fi yawa a ciki, a fada da masallaci da ɗakin amarya. Saboda haka samfurin Gumel ta zamanin Ɗan Tanoma mai ɗauke da tsagaggen adon siminti, ko indararon kwano, ko tagar gilashi, daidai yake da littafin tarihin da ya sa wa mayaƙan wancan zamani agogon hannu. Ƙaramin abu kamar indararo yana iya faɗin shekarun gida: na yumɓu ne, ko na ƙwaƙulallen itace, ko na kwano?

Daga nan sai ƙa'ida ta ƙarshe, wadda na fi so ɗalibai su riƙe. A kowane samfurin tarihi akwai abu uku: abin da aka auna a tsaye, da abin da dattawa suka faɗa, da abin da mai aikin ya cike da hasashe. Marubucin kirki yakan bambanta waɗannan a rubutunsa. Mai samfuri ma tilas ya bambanta su. Abin da aka auna a ba shi cikakken launi da ado. Abin da aka ji a baki a ba shi launi ba ado. Abin hasashe a bar shi fari. A kuma ajiye ɗan littafi tare da samfurin, mai ɗauke da ranar awo da sunan unguwa da maginin da aka tambaya da inda aka ɗebo ƙasa. Samfurin da ke da farin gurbi ya fi wanda aka cike ko'ina da ado amfani ga mai bincike na gobe, domin ya nuna masa inda aiki ya rage.

7. Kammalawa

Jama'a, lokaci ba ya jiran wannan aiki. Kowace damina tana kayar da wasu tsofaffin soraye, kuma mun ga yawan gidajen ƙasa da ruwa ya rusa a Jihar Jigawa a 2022. Wanda gidansa ya faɗi da bulo zai mayar, kuma babu mai ikon zarginsa, domin kowa yana son inda iyalinsa za su kwana lafiya. Ba za a iya riƙe kowane gida ba, ba kuma za a iya gina wata Jos a kowace masarauta ba. Amma ana iya auna gida cikin yini biyu da igiyar awo da wayar hannu, a yi samfurinsa cikin zangon karatu ɗaya, da kayan da kusan dukansu suna kasuwar garin.

Shawarata ita ce sassan Hausa da na tarihi da na zane a jami'o'inmu, tare da Kwalejin Ilimi ta Gumel da majalisar masarauta, su ɗauki gida huɗu a matsayin somin taɓi, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, kuma kada dukansu su zama na sarauta. A sa tsohon magini ya zauna tare da ɗalibai, a biya shi hakkinsa na malami, domin shi zai duba bakan gizon tsinke ya ce nan ba haka ake ɗaurewa ba. Mu kuma malaman harshe mu zauna kusa da alƙalami, saboda sunayen sassan gini suna mutuwa tare da ginin, kuma akwai kalmomin da ba za a ji su ba sai an sa abin a gaban mai shi ya nuna da yatsa.

Yaron nan da na ba ku labarinsa, na roƙe shi in ya je hutu ya auno mini gidan kakansa, da ɗakunan jinkan da rumbunan uku, ya ɗebo ƙasar kududdufin garinsu a ƙullin leda. Irin wannan roƙo nake yi wa kowane ɗalibi da ke cikin wannan zaure.